Kukan da Aka Hana Dela

Shafi na 19

Masu cika mani waya da saƙo wai Dela ta zubar da girmanta da ta bi ɗiyarta zuwa Buza, na ji ku. Har da mai cewa in mayar da ita Garhanga ta yi haƙuri kamar kowace uwa. To ba zan mayar da ita ba. Ku karanta wannan shafin tukuna, sannan mu yi maganar girma.

*

Ɗakin bai yi kama da asibiti ba, abin da ya fara ba Dela haushi ke nan.

Ta yi zaton za ta tarar da gado mai farin zane da warin magani, da wata mai farar riga riƙe da allura. Sai ga kujeru, ga tabarma a gefe, ga randa da moɗa a kanta. Matar da Ni'ima ta yi ta yabo tun daga gida har tasha, Madam Mariyatu, 'yar siririya ce cikin atamfa, da kaɗan ta girmi Ni'imar.

Dela ta dube ta sama da ƙasa. Wannan ce za ta cire mata abin da ya tokare mata ƙirji tun rani, tun ranar da rijiyar garkar albasa ta rufta da ɗanta na fari?

Aka nuna mata kujera, ta ƙi. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu. Madam ta cire takalmi ta sauko ita ma.

"Inna, sannu da hanya. Ƙaƙa gajiya?"

"Lahiya. Ina maganin?"

"Ba ni ba da magani, Inna."

"Allura?"

"Babu."

"Rubutu?"

"Wannan aikin malamai na."

Dela ta juya ga ɗiyarta.

"Ni'ima, kin taso ni tun da sahe, na bar awakina ba dusa, an cusa ni cikin mota awa buhun gawayi, don in zo wurin wadda ba ta da komi?"

"Inna, don Allah…"

"Ina da kunne," in ji Madam, ko a jikinta. "Ni'ima, ba mu wuri. In Inna na bukatarki ta kira ki."

Ni'ima ta fita tana waige, ta jawo ƙofa.

Madam ta ɗebo ruwa ta ajiye a gaban Dela, ba ta ce ta sha ba.

"Bari in hwaɗa maki yadda aikin ga yake, don kada ki ce an yaudare ki. Dut abin da kic ce nan, nan zai tsaya. Ni'ima ba ta jin shi daga bakina, Malam Shu'aibu maigidanki ba shi ji. In kin so ki yi magana, in kin so ki yi shiru hal lokacinmu shi ƙare. In na tambayi abin da ba ki so, ki ce ba ki so. In yau ta yi maki, ki komo wani mako. In ba ta yi ba, ba mai ɗamre ki."

"In na komo sai in mance?"

"A'a. Ba ni yi maki alkawalin mantuwa."

"To mi am amhwaninki?"

"Kaya na bisa kanki, Inna. Ba ni iya ɗauke maki shi. Ina dai iya kama maki ki sauke, ki gyara gammo."

Dela ta yi tsaki. Amma ta janye ƙafafunta ta gyara zama.

"Garinmu cewa anka yi nan ɗakin mahaukata na."

"Ke kin haukace?"

"Wa? Ni? Hankalina ya hi na dut wanda yah hwaɗi haka!"

"To madalla. Ni'ima ta ce ba ki barci, ta ce tuwo na ƙonewa kina zamne gabanai. Wannan bakinta na. Naki nika son ji."

Shiru.

Dela ta yi niyyar yin shirun nan har a gaji a sallame ta. Ta iya shiru, ai da shi ta tsufa. Ta jira yarinyar ta fara abin da kowa yake yi, a yi haƙuri, kowa da ranarsa, wane ma ya rasa biyu. Ta ma tanadi amsar da take ba su, alhamdu lillahi, sai ta tashi. Amma Madam ba ta ce komai ba. Ta zauna hannu a cinya, kamar wadda ba ta da wani aiki a duniya. Dela ba ta taɓa haɗuwa da wanda ya fi ta iya shiru ba, abin ya ƙular da ita ƙwarai.

"Ba ki da ta cewa?"

"Ina da tambaya guda."

"Yi."

"Mi as sunanai?"

Dela ta ɗago kai da sauri.

"Ke ba Bahausa ba ta?"

"Madawa anka haihe ni."

"Kuma ki dubi tsabar idona ki ce in kira sunan ɗan hwari? Abin da anka koya maku Yamai ke nan?"

"Na san kunya, Inna. Ni ma ɗiyar hwari ta, innata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ban ce ki hwaɗi ba. To ƙaƙa kika kiranai?"

Dela ta kau da kai.

"Yaron Jima."

Ku da kuke karantawa kun san abin, kada ku yi kamar ba ku sani ba. Ɗan fari ba na uwa ba ne a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi wani ke ɗaga shi. Dela kuwa ta yi kunyar nan har ta wuce misali, har ana kwatance da ita a Garhanga. Ranar yaye Jima, yayar mijinta, ta zo ta goya yaron ta tafi da shi gidanta, katanga ɗaya tsakani. Ya tashi yana ce wa Jima Inna, yana ce wa Dela Dela. Ko wani yaro mai irin sunan ta gani a hanya, sai dai ta ce mai sunan yaro. Aka yi ta yabonta, ita kuma tana jin daɗin yabon, wannan ba ta musu.

"Yaron Jima," Madam ta maimaita a hankali. "Ran da abin yaf faru, ina kike?"

"Ban son wagga tambaya."

"To mu bar ta."

Ta bar ta kuwa, ba ta sake ba. Dela ta ɗauki moɗar ta sha ruwa, ta ajiye. Can sai ta ji bakinta yana magana ba da izininta ba.

"Da rai anka hiddo shi. Anka kai shi likita bisa amalanke. Ina daka nij ji, na yada taɓarya, ko kallabi ban ɗauka ba. Na iske ɗakin cike, ga Malam, ga ƙannenai, ga Baba Maiguwa babban gidanmu, ga Yaya Jima bisa gado ta riƙe kanai."

"Kin shiga?"

"In shiga? Gaban surukaina? A ce Dela ta zo tana rawar jiki bisa ɗan hwari?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Akwai iccen bedi, wato dogon yaro, bayan ɗakin, kusa da taga. Nan nit tsaya. Rana ta take, ta karkata, ina nan. Ina jin muryoyi, ba ni jin abin da aka cewa. Da la'asar nij ji Yaya ta yi salati."

"Sannan?"

"Sannan nik koma gida nih hura wuta. Baƙi za su zo, wa zai dahwa masu?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ɗakin Yaya anka yi zaman makoki. Mata sunka cika, tana kuka ana riƙe ta. Ni ina gindin tukunya. Mai wucewa ta ce, Dela sannu da aiki. Sannu da aiki! Wata ma cewa tay yi, kai, Dela akwai kunya, ko ɗigon hawaye. Ni kuma nic ce alhamdu lillahi."

"Kin yi kukan daga baya?"

"Ina? Cikin ɗaki Malam na nan. Tsakar gida, katanga guda da Yaya. In na tahi daji itace a ce an gan ni. Kuma na yarda da ƙaddara, Madam, kada ki ɗauka ban yarda ba. Wanda yab ba ni shi yak karɓa."

"Ban ɗauka ba. Hawaye ba jayayya da Allah ba na. Kina iya yarda, kina kuka."

Dela ta buɗe baki za ta yi gardama, don ta saba. Sai ta ji idanunta sun yi zafi. Ta ji tsoro sosai, irin tsoron mai ɗauke da tulu a kan santsi.

Daidai nan hayaniya ta tashi a waje.

"Gwaggo, don Allah ki dakata! Ba a shiga!"

"Kauce, marar kunya! Ke kij jawo mana wanga abin magana!"

Aka bankaɗo ƙofa. Jima ce, doguwa, da carbi a wuya da jar ƙasar hanya har gwiwa. Ranar kasuwar Buza ce, motar Garhanga ba ta da wuya, masu kai rahoto kuwa sun fi motar sauri. Ni'ima tana bayanta tana haki.

Madam ta miƙe ta tsaya tsakaninsu.

"Sannu, Inna. Nan ba a shigowa sai wadda ke ciki ta yarda."

"Ke wa ta? Matar ƙanena niz zo ɗauka."

Madam ba ta tanka mata ba, ta juya.

"Inna Dela, ɗakin naki na yanzu. Ta hita, ko ta tsaya?"

Ba a taɓa yi wa Dela irin wannan tambayar a kan Jima ba. Tun tana amarya, in Jima ta shigo ita ke tashi ta ba ta tabarma. Ta ji ƙafafunta suna shirin tashin nan da kansu. Ta danne su.

"Bar ta."

"Au, bar ta!" Jima ta tafa hannu. "Tashi mu tahi, Dela. Gari ya ɗauka, ana cewa matar Shu'aibu ta taɓu. Kin zo kina tone cikinki gaban sa'ar ɗiyar cikinki. In haƙuri kika biɗa, ga malamai, ga Baba Maiguwa, ga ni."

"Ba ni tahiya, Yaya."

"Mi kic ce?"

"Ban ƙare ba."

"Ƙare mi? Mi ag gare ki na hwaɗi? Ni nig goya shi! Ni nish sha kashinai da hitsarinai, ni nik kwana zamne ran da ƙyanda tak kama shi, ni niy yi mai amre. In kuka na, nawa na, kuma na yi, na share, na bar ma Allah. Ke da ko sunanai ba ki taɓa kira ba, yau ke za ki hi ni zahi?"

"Ni nih haihe shi."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

"Inna lillahi! Dela, bakinki?"

"Bakina. Ni nih haihe shi, Yaya. Ran ƙyandar da kika hwaɗi, ina jingine bayan katangarki hal gari yaw waye, ina jin tarinai. Ran amrenai ni nid daka geron, na ɓoye ɗaki don kada a ga ina murna. Dut abin da kunka ce kunya ta, na yi. Kun yaba. To ga yabon, mi zan yi da shi? In shimhiɗa shi in kwanta?"

"Ki ji tsoron Allah, ga ɗiyarki tsaye!"

"Ta ji! Gara ta ji, kada ta yi irin tawa."

Dela ta miƙe. Zanenta ya kwance, ba ta gyara ba. Ta dubi Jima ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Surajo."

Ni'ima ta toshe baki da hannu.

Sunan ya fito a karkace, kamar ba bakinta ba, don harshen bai san hanyarsa ba. Ta sake, da ƙarfi.

"Surajo! Sunanai Surajo, Madam, kin tambaya. Ɗana na. Surajo ɗana!"

Sai kukan ya ɓalle. Ba irin na zaman makoki ba, mai tsari, wanda ake yi ana share ido da gefen mayafi. Kuka ne mummuna, da majina da shessheƙa, tana dukan ƙirji tana kiran sunan. Masu wucewa kasuwa suka tsaya a bakin taga. Ni'ima ta yunƙura za ta riƙe ta, Madam ta ɗaga mata hannu, ta je ta saki labule, ta dawo ta tsaya kusa da Dela ba ta taɓa ta ba. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri.

Jima kuwa ta daskare. Fuskarta ta canza. Ni da nake ba ku labarin nan ba na son Jima, kun sani, amma ba zan yi mata ƙarya ba, ita ma ta so yaron nan kamar ranta. Jin sunan a bakin Dela ya yi mata kamar an shiga ɗakinta an ɗauke abin da ya rage mata. Kishi da baƙin ciki suka haɗu suka rufe mata ido, ta faɗi abin da ta yi rantsuwa za ta tafi da shi kabari.

"Yanzu kin iya kira? Yanzu da ba shi ji? Shi da yaw wuni shina kiranki fa?"

Kukan Dela ya tsaya cak.

"Mi kic ce?"

Jima ta ja da baya, ta kama carbinta.

"Ba komi. Tashi mu tahi, mota na jira."

"Yaya. Wa yak kira?"

"Zahin ciwo na, bai san abin da shika cewa ba."

"Wa yak kira?"

"Ke!" Jima ta fashe. "Ke yak kira! Ina riƙe da kanai bisa cinyata, ni da nir rene shi, shina cewa ku kira mani Dela, ku kira mani wadda tah haihe ni. Gaban Baba Maiguwa! Gaban maza! Ina za ni sa kaina?"

Ni'ima ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Ina bakin taga," in ji Dela. Muryarta ta yi sanyi ƙalau. "Gindin bedi."

"Na gan ki."

"Kin gan ni."

"Awo, na gan ki, ba kallabi, awa mahaukaciya. To da na kira ki, da kin shigo? Hwaɗi gaskiya! Ke da kunyarki da aka kwatance da ita? Da kin tsaya bakin ƙohwa kina sunne kai, shi mutu shina kallon ƙeyarki. Mutuncinki nir ruhe maki!"

Maganar ta soki Dela, don ita kanta ba ta san amsar ba. Wataƙila da ta shiga. Wataƙila da ta kasa. Ba za ta taɓa sani ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai.

"Da kin bar ni na zaɓa," ta ce. "To da yak kira, mi kic ce mai?"

Jima ta murza carbinta.

"Mi kic ce ma ɗana?"

"Na ce…" Ta dubi ƙasa. "Na ce mai ba ki zo ba."

Daga nesa ana jin kukan jaki da hayaniyar 'yan albasa.

Madam ta matso a hankali.

"Inna Dela, wagga magana babba ta. Kina iya zamnawa ki huta, ba tilas a ƙare ta yau ba."

Dela ba ta ko dube ta ba. Jima ta gyara mayafi ta juya da sauri, ta nufi ƙofa. Amma tsohuwar da aka cusa a mota da safe tana ƙorafin gwiwa ta riga ta isa. Ta mayar da ƙofar ta rufe, ta jingina bayanta da ita. Hawaye na zuba har haɓa, ba ta share ba.

"Dela, kauce mani."

"Wuni guda yay yi shina magana, ke kij ji, ni ban ji ba. Nawa na. Ba ki hita da shi."

"Kin san da wa kika magana? Ni ta, yayar mijinki!"

Dela ta nuna tabarma da yatsa.

"Zamna, Jima. Tun daga hwarko. Mi Surajo yac ce?"